Kawu Josiah da Waƙoƙin Girkawa

Taman Melati, Kuala Lumpur
Fabrairu, 2023

Zuwa ga Kawu Josiah,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da Maman Purity da dukan mutanen Zonkwa. Yaya ƙafar Mama? Purity ta kira ni daga Abuja ta ce kumburin ya sauka, na gode wa Allah. Mu ma nan lafiya lau. Maigidana Ernest yana ta fama da aikinsa na kwamfuta, ɗanmu Seth kuma ya shiga makarantar yara. In na yi masa Hausa sai ya amsa da Turanci, ranar da ya ga dama ya haɗa da yaren Malay. Jiya na kira shi cin tuwo, ya ce ba ya so, sai dai a yi masa tapau, wato a ƙunso masa shinkafa daga shagon ƙasan benenmu.

Ga shi na rubuta da hannu kamar yadda ka ce, tun da saƙon waya ba wasiƙa ba ne a wurinka. Zan ɗauki hoton takardar in tura wa Mama.

Kawu, kundin digirina ne ya cije. Ka san a kan salon tsoffin waƙoƙin Girkawa nake rubutu, dogayen nan na yaƙi da na tafiyar teku. Malamar da ke duba aikina, 'yar ƙasar nan ce, ta yi mini wata tambaya da na kasa amsawa. Ta ce me ya sa mawaƙin yake liƙa wa kowane abu kirari guda, ya yi ta maimaita shi ko da bai dace da wurin ba? Jirgin ruwa yana kwance a kan yashi shekara da shekaru, katakonsa na ruɓewa, amma duk inda aka ambace shi sai a ce da shi mai sauri. Na ba ta amsar da ke cikin littattafai, cewa cike gurbin karin waƙa ne. Ta ce ta ji, amma ni me na gani?

A jirgin ƙasa ina komawa gida na tuna barandarka ta makarantar Littafi Mai Tsarki, shekarar da Baba ya rasu ka ɗauko ni. Kana rubuta mini haruffan Girkanci a bayan kalanda, ina cewa sun yi kama da ƙugiyoyin kamun kifi. Nan garin akwai ɗakunan karatu masu sanyi, amma babu wanda zan yi musu da shi a kan waɗannan abubuwa da Hausa.

Ka amsa mini in ka sami sarari.

'Yarka,
Comfort

Zonkwa
Maris, 2023

'Yata Comfort,

Salama. Muna lafiya, ƙafar Mamanki ta warke har ta koma kasuwa. Zafi ne kawai ya sa mu a gaba. Ki gaida Ernest. Shi kuma wancan mai tapau ki gaya masa yana da kaka a nan wanda bai taɓa gani ba.

Ki yi haƙuri da manyan haruffa, biron ne ba ya so.

Littattafanki ba su yi ƙarya ba. Waƙoƙin nan da baki aka yi su, a gaban jama'a, ba takarda. Kowane ɗango ƙafa shida ne, gaɓa doguwa a gaba, gajeru biyu na bin ta, kamar luguden mata a turmi. Mai rerawa ba shi da damar tsayawa ya yi tunani. Saboda haka yana da kirari a ajiye, dogo da gajere, wanda ya shiga gurbin shi zai jefa, kafin ya gama faɗinsa ya riga ya shirya ɗangon gaba. Wannan gaskiya ce.

Amma ni ban tsaya nan ba. Girkanci don Sabon Alkawari na koye shi, waƙoƙin nan kuwa sai da na kusa ritaya na shiga su, kuma da kunnen tsoho na ji su. Kin san Ladi, uwarki, tun muna yara Ladi mai dariya ake ce mata. A watanninta na ƙarshe a asibitin Kafanchan babu dariya ko kaɗan, amma duk wanda ya zo dubiya sai ya tambaya ina gadon Ladi mai dariya. Ba wanda ya ga kamar sun yi kuskure. Suna faɗin ko wace ce ita, ciwon kuwa baƙo ne. To haka nake jin jirgin nan. Mawaƙin ya san yana kwance. Yana gaya wa masu sauraro cewa don gudu aka sassaƙa shi, kuma mutanen da ke zaune kusa da shi gida suke so.

Ban sani ba ko malamarki za ta karɓi wannan. Ba ni da littafin da zan jingina shi.

Yaushe za ku zo? Ba matsa miki nake yi ba. Mangwaron bayan gida ya yi 'ya'ya bana har reshe ya karye, na ce da ma da yaro a gidan.

Kawunki,
Josiah

Taman Melati
Afrilu, 2023

Kawu,

Barka da Ista. Ina fata kun yi biki lafiya. Mu a wani bene muka yi sujada, mu 'yan Kaduna da Filato, aka yi waƙoƙin Hausa har makogwarona ya dushe. Seth ya yi mura amma ya warware.

Na karanta wasiƙarka a shagon mamak, wato shagon abincin Indiyawa, da ke kusa da tasha, inda nake shan shayi kafin in ɗauko Seth. Da na kai wurin maganar mahaifiyata sai na kife wayar. Mai shagon ya zo ya tambaye ni ko shayin ne ya yi zafi.

Duk da haka, Kawu, a babi na biyu ban bi ka gaba ɗaya ba. Na ƙirga wuraren da kirarin ya zo, na ga mafi yawansu kari ne ya jawo su. Na kawo ra'ayinka, na ce yana da daɗi amma hujjarsa ba ta da ƙarfi. Ga babin nan na haɗo maka, ka karanta ka faɗa mini gaskiya.

Yanzu ina kan dogayen kamance. Ana tsakiyar yaƙi, mashi na tashi, sai mawaƙin ya ce kamar yadda, ya saki filin dagan ya tafi wurin makiyayi da tumakinsa, ko manomi a bayan shanu, ko mace tana kaɗi. Ya daɗe a can har ka manta da yaƙin, sannan ya dawo da kai. Ranar Talata ruwa ya tare ni a titin Jalan Masjid India, na fake a shagon wani mai yadi. Ruwan nan garin ba ya sallama, sauka kawai yake. Ina tsaye ina kallon kwata ta cika, sai na ji ni a zauren gidanka, ruwa na dukan kwano, Mama na jera bokitai. Da mai shagon ya yi magana sai da na yi firgigit. Ina ganin abin da kamancen nan ke yi wa sojojin ke nan. Ko na yi nisa?

Maganar zuwa. Kamfanin su Ernest sun ƙara masa kwantiragi, kuma malamata ta ce akwai yiwuwar su riƙe ni koyarwa in na gama. Muna tunanin mu ƙara zama. Bana dai da wuya mu zo. Na san ba abin da kake son ji ba ne.

'Yarka,
Comfort

Zonkwa
Yuli, 2023

Comfort,

Salama. Muna lafiya.

Wasiƙunki sun iso, da babin. Ba na ganin rubutunki. Kada ki ƙara wahalar da kanki da aiko mini.

Allah ya taimake ki a inda kike.

Josiah

Taman Melati
Yuli, 2023

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Mu ma lafiya.

Wata uku ina jira. Na rubuta a Afrilu, na sake rubutawa a Mayu, na kira wayar Mama ta ce kana hutawa. Yau ga layi huɗu, a karkace, kamar wanda ya rubuta yana tsaye yana sauri ya rabu da takardar.

Na gane. Ba ka ganin rubutuna da wata daraja tun da na ce hujjarka ba ta da ƙarfi. Ko kuwa maganar zamanmu a nan ce? Kawu, kai ka koya mini musu. Kai ne kake cewa ɗalibin da ya yarda da komai bai saurara ba. Ban taɓa zaton ranar da na yi maka musun a takarda za ka rufe mini ƙofa ba.

Kuma ba daɗi ne ya riƙe ni a nan ba. Maƙwabciyata Walida, 'yar Kano, ita kaɗai nake buɗe baki in yi Hausa da ita a duk benen nan. Ɗana bai san ɗanɗanon acca ba. Kowace Lahadi in an tashi daga sujada sai in ji kamar in bi wani gida, don kawai in ji ana hira irin ta mutanenmu. Amma aikin Ernest a nan yake, karatuna a nan yake, me zan yi?

Ka ce kada in ƙara aikowa. To, na ji. Ba zan dame ka ba.

Comfort

Zonkwa
Nuwamba, 2023

'Yata Comfort,

Salama. Za ki ga hannun ba nawa ba ne. Mamanki ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Na ce mata ta yi irin ta 'yan aiken waƙoƙin nan, waɗanda in an ba su saƙo sukan maimaita shi kalma da kalma, ba ragi ba ƙari. Ta ce ita ba Bagirkiya ba ce.

Lafiyar jiki ƙalau. Ido ne babu. Da na ce ba na ganin rubutunki, abin da nake nufi ke nan, ba na ganinsa. Tun bara abin ya fara, gefe-gefe yana rufewa, kamar mai leƙe ta cikin kara. Na ɗauka yanar ido ce, za a kankare. A Kaduna likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a yi ƙoƙarin tsare saura. Na dama ya mutu. Na hagu akwai ɗan wuri kamar bakin kwalba, da safe in rana ta fito sosai.

Wasiƙarki ta Yuli Mamanki ta ɓoye mini ita. Sai makon jiya da na dame ta da tambayar ko kin rubuto, ta karanta mini. Na yi dariya, daga baya kuma na daina. Ni na hana a gaya miki, har Purity na hana, don kada ki bar karatu ki taho. Layi huɗun nan kuwa yini guda na yi ina rubuta su.

Wani fasto ya zo dubiya ya ce in yi haƙuri, ai an ce mai waƙoƙin nan ma makaho ne. Na ce masa shi ya haddace nasa kafin idon ya tafi, ni kuwa na dogara da shafi.

Babinki Mamanki ta karanta mini, tana tsallake Girkancin, ni ina cikewa da ka inda na tuna. Kin yi daidai da kika ƙi bin ni. Ƙirgarki ta fi jin daɗina ƙarfi. Amma ki bar ra'ayina a ciki ko a ƙasan shafi ne, ban janye ba.

Kamance kuwa ba ki yi nisa ba. Ki ƙara da wannan. Ki duba yadda mawaƙin yake yi in ƙaramin soja ya faɗi, wanda ba a taɓa ambatarsa ba, ba kuma za a sake ba. Ba ya wuce shi. Sai ya tsaya ya faɗi sunansa, da sunan ubansa, da garinsu a bakin wane kogi, wani lokaci har da matar da ya bari ko gidan da bai gama ginawa ba. Ɗango uku ko huɗu, sannan yaƙi ya ci gaba. Tun da idon nan ya rufe wuraren nan ne suka fi dawo mini, ba manyan jarumawan ba. Kullum akwai wani tsoho a ƙarshen ɗangon yana jira a gida.

Zamanku a can ban yi fushi ba. Ku zauna inda abincinku yake. Abu ɗaya ne kawai. Hoton Seth da kike turowa, in na kai wayar kusa haske ne kawai nake gani. Likita bai ba ni tabbacin bakin kwalbar nan zai kai baɗi ba. Na faɗa, ban kuma ce ki yi komai ba.

Kawunki,
Josiah

Comfort, ni ce Mama. Wannan bai san na ƙara ba. Kullum da safe sai ya sa in fito masa da kujera inda rana take, ya riƙe wayata yana juya ta. Ba ya cin abinci sosai. Na ɓoye masa wasiƙarki don na ga ba zai iya ɗauka ba a lokacin, ki yafe mini. In da hali ku zo.

Taman Melati
Nuwamba, 2023

Kawu,

Ina gaisuwa. Mama, na gode, babu abin yafewa.

Ban san ta inda zan fara ba. Na koma na buɗe wasiƙarka ta Maris, na ga manyan haruffan da ka ce biro ne. Na buɗe ta Yuli, na ga yadda layin ƙarshe ya hau kan na samansa. Shekara uku ina koyon karanta abin da ke bayan kalma a waƙar mutanen da suka mutu tun tuni, na kasa karanta layi huɗu na kawuna. Ka yi haƙuri da abin da na rubuta.

Na tafi wurin Walida na miƙa mata wayar. Ta karɓa ta karanta, ta ce, "Ke, me kike jira? Tashi ki kira mijinki." Ernest ya dawo daga ofis tun kafin a tashi. Ya ce shi ba zai sami hutu ba, amma ni da Seth mu tafi.

Ga inda matsalar take. Fasfona yana wurin sabunta izinin zama na ɗalibai, ba zan iya fita ba sai ya dawo. Sun ce cikin Disamba. Kowace safiya ina zuwa ofishin ɗalibai in tambaya, har matar da ke wurin ta san ni, tana hango ni take girgiza kai. Malamata ta ɗage mini kare kundin zuwa bayan na dawo. Da na gaya mata dalili ta ce in gaishe ka, kuma ra'ayinka ba ƙasan shafi za shi ba, a cikin babin zai zauna.

Na fara koya wa Seth gaisuwa. Yana cewa "ina kwana Kaka" daidai, amma in aka ce masa yaya gajiya sai ya ce "boleh", wato "ba laifi" da Malay. Ya tambaye ni ko a gidanka akwai lif. Na ce babu, akwai awaki. Tun ranar bai bar ni na huta ba.

Kawu, ka riƙa sa maganin a kan lokaci. Ka ci abinci. Ka tsare mana ɗan wurin nan da ya rage, muna tafe.

'Yarka,
Comfort

Zonkwa
Fabrairu, 2024

'Yata Comfort,

Salama. Mamanki ce ke rubutawa. Mun ji kun sauka lafiya, mun gode wa Allah. Ki gaida Ernest, ki ce na gode da aron iyalinsa da ya ba ni. Muna lafiya. Ina cin abinci, Mamanki shaida ce.

Kin tambaye ni a tasha ko na gan ku sosai, na ce ƙwarai. Mutane sun yi yawa a wurin, shi ya sa na gajarta. Ga yadda abin yake. Ranar da kika tsayar da shi a gabana a rana, ban ga yaro gaba ɗaya ba. Kunne na fara gani. Na matsa na ga kumatu, sannan ido ɗaya yana kallona yana mamakin abin da tsohon nan yake nema a fuskarsa. Da ya gaji ya yi dariya sai na ga wushirya. Ta Ladi ce sak. Ban faɗa miki a lokacin ba don na san halinki, da kuka za ki yi ki tsorata yaron. Ke kuma na ga furfura biyu a gefen goshinki, ba ki taɓa rubuto mini labarinsu ba.

Tun bayan tafiyarku wurin ya ƙara tsukewa. Ban damu kamar da ba.

Babi na huɗu da kika karanta mini a baranda yana da kyau, amma kin yi gaggawa a kan yadda mawaƙin yake fara labari daga tsakiya. Kin ce dabara ce ta jan hankali. Ki ƙara tunani. Masu sauraronsa sun riga sun san farkon, sun san ƙarshen, abin da suka zo ji shi ne yadda mutanen suka ji da abin yana faruwa. Ki gyara kafin ranar kare kundin. In an sa rana ki gaya mana, za mu yi addu'a a nan.

Gidan ya yi shiru. Akuyar da Seth ya raɗa wa suna Mamak ta haihu, biyu. Yaran maƙwabta har yanzu suna zuwa ƙofa suna tambayar ina ɗan Malesiya.

Ranar da motarku ta tashi na tsaya bakin hanya ina ɗaga hannu, na daɗe, har na daina jin ƙararta. Da muka juyo gida Mamanki ta ce Kafanchan motar ta nufa, ni kuwa Kachia na fuskanta. In Seth ya tambaya me ya sa Kaka ya juya masa baya, ki gaya masa shi nake ɗaga wa.

Kawunki,
Josiah